Dogon Ido a Cikin Shinkafa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne. Na riƙe lokacin don idona yana kan agogon bangon ɗakin Baba, wanda ake hangowa daga tsakar gida idan an ɗage labule. Ina tsugune gaban kurfotin gawayi ina juya ɗanyar shinkafa a busasshen kasko, ba mai, ba ruwa. Azumi ake yi, ƙamshin yana ƙara mini yunwa. Sai ga Maame, maƙwabciyarmu 'yar Asante mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta faɗo gidan ko sallama babu, tana riƙe da bakin zaninta.

"Mma! Mma, kun ji abin da aka ce a rediyo? Duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan. Mako biyu aka bayar."

Mma, mahaifiyata, ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Wane baƙo kuma, Maame? Mu nan wane ne baƙo?"

Maame ta juya ta kalli ƙofar ɗakin Kawu, Mma ta bi ta da ido, ni ma na bi. Ƙofar a rufe take, ya fita ɗaukar hoton suna. Ban ankara ba sai da ƙauri ya cika gidan. Ranar ce karo na farko da shinkafar kyamara ta ƙone a hannuna. Ƙarshen shekarar 1969 ke nan, ina da shekara goma sha shida.

Kawu mijin gwaggona ne, ƙanwar Baba. Ta rasu tun ina ƙarama, ba su sami haihuwa ba, shi kuma bai ƙara aure ba, bai kuma bar ɗakin da suka zauna ba. Bazabarme ne. Daga Nijar ya zo Kumasi yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya shiga shara a shagon wani mai hoto har ya koyi aikin. Baba kuwa a Manhyia, nan cikin Kumasi, aka haife shi, uwarsa 'yar Dagomba ce, 'yar ƙasa, saboda haka bayan 'yar zirga-zirga maganarmu ta daidaita. Kawu ba shi da ko guntuwar takarda. Ya ɗauki hoton takardun rabin Zongo, nasa bai taɓa liƙuwa a jikin ko ɗaya ba.

Da hoton suna da na biki yake ci. Amma abin da ransa yake so tsuntsaye ne. Kowace Lahadi bayan asuba zai sa tsohuwar rigarsa mai launin ƙasa ya nufi bayan gari, wajen fadamu da gonakin koko, ya dawo da la'asar ƙafafunsa duk taɓo. 'Yan majalisar ƙofar gidanmu ba sa barinsa ya wuce lafiya.

"Mai hoto, zalɓen ya ce a wanke masa guda nawa?"

"Shi dai in ya tsaya ya tsaya. Kai ranar aurenka fim nawa ka ɓata mini da mutsu-mutsu?"

Ni yarinya ce marar magana. A makaranta ma sai malami ya kira ni ya sake kira kafin muryata ta fito. Wata rana Kawu ya same ni ina yi wa littattafaina bango da takardar siminti, ina danne kowace kusurwa da farce har ta miƙe. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Malama, wanke hannunki ki zo." Daga ranar na zama mai shirya masa kaya, sunan Malama kuma ya bi ni.

Abu na farko da ya koya mini shi ne, a garin nan ba ɓarawo ne babban abin tsoron mai kyamara ba, danshi ne. Kumasi gari ne na ruwa. Ka manta da takalmi a ƙarƙashin gado, in ka jawo shi ka tarar ya yi gashi. Haka fumfuna take shiga cikin gilashin kyamara, ta fara kamar zaren gizo-gizo, in ta yi saiwa ba mai fitar da ita. Don haka kayan Kawu ba a jaka suke kwana ba, a cikin wata babbar garwar biskit suke, mai murfin da ke kamawa gam. A kewaye da su akwai ƙulle-ƙullen shinkafar da aka soya ta bushe ƙayau, ita take shanye danshin. Duk mako nake kwance su in sake soyawa. In ta yi ja ta wuce, in tana nan fara ba ta kai ba. Sannan a bar ta ta huce sarai kafin a rufe, don in an rufe da zafi garwar gumi take yi.

Gilasan kyamarar "ido" yake ce musu. Akwai gajeren ido na ɗaukar mutane, akwai dogon ido na tsuntsu, wanda ya kusa kai kamu ɗaya. Ba a goge ido sai an hure shi tukuna, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi. Ba kuma da baki ake hurawa ba. Da bentuwa yake yi, robar nan da iyaye mata ke yi wa yara ɗurin magani ta ƙasa. Sabuwa fil ya saya, amma Mma ba ta taɓa ganinta a hannunsa ta ƙyale shi ba.

"Malam, in ka gama da kyamarar akwai jikan Maame, cikinsa ya ɗaure."

Bayan bentuwa sai gashin zabo, bayan gashin zabo sai ƙyallen tsohon rawani da ya sha wanki har ya yi laushi, wanda ba sauran sitaci a jikinsa. Fim kuma gwangwaninsa daban, kusa da randa inda ake samun sanyi, amma ba ya taɓa jikinta. Ranar Asabar da yamma Kawu zai zauna ya yanke abin da zai nema gobe, zalɓe ne a fadama ko cilakowa a kan rimi, sai ya ware abin da wannan aikin ke buƙata kawai. Yakan ce in kaya sun yi nauyi, kafin tsuntsun ya zo shi ya riga ya gaji. Duk inda ƙarfe ke ƙyalli sai in naɗe shi da baƙin ƙyalle, don tsuntsu yana hango walƙiya tun daga nesa. In jera komai a kwandon cefane, in rufe da tsohon buhu, ya fita kamar mai zuwa sayen doya.

Sai kuma ƙotar. Hannun Kawu ya fara rawa, dogon ido kuwa da hannu ya ɗan motsa hoton ya lalace. Wani makanike abokinsa a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, fita kamar yadda muke ce musu, shi ya ƙera masa abin tallafi. Katako ne da aka sassaƙa ya zauna a kafaɗa, da bututun ƙarfe da idon ke kwanciya a kai, da wayar birkin keke da ke danna maɓallin kyamara idan an ja wani ɗan ƙarfe da yatsa. In an haɗa aka ɗora a kafaɗa, duk wanda ya gani zai rantse bindiga ce. Kawu ya san da haka. Bai taɓa haɗa ta a cikin gari ba sai sau ɗaya, a tsakar gidanmu, don ni. Ba a barina in bi shi daji, sai ya ɗora mini ita a kafaɗa ya nuna mini shirwa a kan rufin kwanon maƙwabta. Na ga ta ƙifta ido. Na ga iska tana ɗaga gashin wuyanta ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ban sauke ba, shi kuma bai ce in sauke ba.

Kwanakin da suka biyo bayan shigowar Maame ban san yadda zan kwatanta su ba. Tun da safe layi yake kamawa daga ƙofar gidanmu har bakin kwata, kowa yana son ƙaramin hoto na neman takarda. Kawu ya kafa tsohuwar kyamararsa ta akwati mai ƙafa uku, ya rataya farin zani a bango. Ni nake yanka hotunan da almakashi in na dawo daga makaranta. Fuskokin da na sani duk suna nan, mai nama, mai ɗinki, ladanin unguwa, amma idanunsu sun zama iri ɗaya. Shi kansa Kawu ya yi ta zuwa ofis da azumi a bakinsa, ya dawo ba labari. A ajinmu kujeru suka fara zama wayam. Yarinyar da muke zama benci ɗaya ta tambaye ni, ba da mugunta ba, "Ku yaushe za ku tafi?" In mota ta tsaya a bakin layinmu sai gidan ya yi tsit, Mma ta ajiye abin da ke hannunta tana saurare.

Da wa'adin ya matso Kawu ya ce ba zai jira a zo a ɗauke shi kamar akuya ba. Da kansa zai tafi.

Wata rana bayan azahar ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa ya baje komai. Direbobi sun ce kowa ƙunshi ɗaya, da abin da zai iya riƙewa a cinya. Kyamarar akwati ba ta zuwa, wannan ba gardama. Ya cire idonta ya miƙo mini. "Malama, wannan naki ne. Ki ci gaba da ba shi shinkafarsa." Ya haɗa mini da bentuwar, ya ce ba zai ja a yi masa dariya a mota ba. Ƙaramar kyamara za ta tafi da gajeren ido, don da su zai nemi abinci a can. Dogon ido ma ya tura shi gefen masu tafiya. Sai ya ɗora hannu a kan ƙotar.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. "Bazabarme, wannan kam bar ta."

"In na bar ta, dogon idon ya zama taɓarya."

"To ya zama taɓarya mana! Ana bincike a kowane shinge. Kana ganin wanda zai buɗe kayanka zai tsaya ka yi masa bayanin zalɓe?"

"A garinmu akwai kogi, Alhaji. Tun ina yaro nake kallon tsuntsayen bakin kogin nan, ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. An raba ni da ɗakina, an raba ni da kabarin ƙanwarka. Har da wannan?"

Baba ya ce a hankali, "Ai ba ma za ta shiga garwar ba."

Su biyun suka juyo gare ni. Ni kuwa na riga na auna da rular makaranta. Na ce, "In an kwance ta gida uku za ta shiga."

Gaskiya na faɗa. Kawu ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun farkon azumi. Baba ya girgiza kai ya fita.

Hanyar arewa ramuka gare ta, 'yan ƙulle-ƙullen shinkafa ba za su hana kayan karo da juna ba. Muka yanke a cika garwar da shinkafa har baki. Mma ta ɗauko wadda ta tanada don sallah ta dire a gabana. "Ga ta nan. Mu sai mu ci tuwo." Washegari na wuni ina soyawa kasko bayan kasko, ina bazawa a faranti ta huce. Na zura idanun cikin tsofaffin safa, na naɗe kowane abu da ƙyallen rawani. Katakon a ƙasa, bututun a tsaye a kusurwa, wayar a nannaɗe, dogon ido a tsakiya, kyamara daga sama, shinkafa tana bin kowane lungu. Na girgiza garwar, ba abin da ya yi ƙara. Wanda ya buɗe murfin shinkafa kawai zai gani. A lokacin hakan ya yi mini daɗi.

A tashar Krofrom aka hau mota. Mutane a kan kaya, kaya a kan mutane, yara suna kuka, wata tsohuwa ta rungume turminta ta ƙi saki. Motar katako ce mai koren jiki, allonta ɗaya na baya ya karye an ɗaure shi da waya. Na karanta lambarta na yi ta maimaitawa a zuci har ta zauna. Direban ƙato ne mai wushirya, da tawul a wuya. Ya fizgi garwar daga hannun Kawu zai cilla ta saman kaya.

"Kada a kife ta!"

Ni ce na yi ihun. Ni kaina sai da muryar ta ba ni tsoro. Direban ya tsaya da garwar a sama yana kallona.

"Ei, 'yar makaranta! Me ke ciki, ƙwai?"

"Shinkafa ce," in ji Kawu. "A cinyata za ta zauna."

"Shinkafar da ba a kifewa. Yau na ga abu."

Kawu ya hau, ya sami wuri a gefe, ya rungume garwar. Matsi bai bar shi ya ɗaga hannu ba, sai ya ɗaga mini haɓa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Aka yi ƙaramar sallah ba armashi. Bayanta da 'yan kwanaki ina layin famfo, bokitina yana tarar ruwa, sai na ji wata mata tana ba Maame labari a bayana.

"A Yeji ne, bakin ruwa, inda motoci ke jiran jirgin fito. An kama wani Bazabarme da bindiga. Kin san inda ya ɓoye ta? Cikin shinkafa!"

"Awurade, ya Ubangiji! Sai aka yi yaya?" in ji Maame.

"Sun sauke shi daga mota. Irin waɗannan ai ba a sake jin labarinsu."

Bokitin ya cika, ruwa ya yi ta zuba a ƙafata. Sai da Maame ta taɓa ni. Ta dubi fuskata, ta daina tambayar matar, ta ɗora mini bokitin a kai da kanta.

Na gaya wa Baba bayan magariba. Bai ce ai sai da ya faɗa ba, da ya ce haka da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kada ki ƙara yin maganar nan da kowa. Ba a gidan nan aka shirya garwa ba, kin ji ko?" Na ce na ji.

Labarin ya yi ta yawo a Zongo yana canza kama. Wani ya ce ba bindiga ɗaya ba ce. Wani ya ce an kai mutumin Tamale an kulle, wani ya ce Akra. Wani ya ce irin dukan da ya sha bai kai safe ba. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa a bakin wani ya ji. Baba yana bi a hankali yana tambayar fataken goro, ya dawo ya zauna ya yi jugum. Saƙo bai zo ba. Wa ma Kawu zai ba ya kawo, alhali duk masu bin hanyar fita suke yi?

Abin da ya fi cina shi ne kyan shirin da na yi. Da ƙotar a fili take cikin kwandon cefane, wataƙila da an tambaye shi ya yi bayani. Amma abu gida uku, a naɗe, a binne a ƙarƙashin abinci, wa zai gani ya yarda na tsuntsu ne? Ina aji malami yana koyarwa, ni kuwa ba abin da nake gani sai hannu yana nutsewa cikin shinkafar nan har ya taɓo ƙarfe. Na daina cin shinkafa. Mma ta lura, ta riƙa karɓo mini dokunu a wurin Maame.

Ranakun Asabar nakan ce zan je aron littafi, in zarce Krofrom. In tsaya a jikin wani kanti ina duba motocin da suka shigo daga arewa, ina neman koriya mai karyayyen allo. Sau da yawa na shirya tambayata tun daga gida, kalma bayan kalma, in isa gaban direba in gaishe shi, ya ce, "Me kike so?" in ce ba komai. Ina tsoron in tambaya a gane daga gidanmu garwar ta fito. Ina kuma tsoron in tambaya a ba ni amsa.

Idon kyamarar akwati yana nan cikin wani ƙaramin gwangwani a ƙarƙashin gadona. Ban fasa soya masa shinkafa ba, ko da yake yanzu ba na son jin ƙamshin. Bayan babbar sallah, da ruwan farko ya sauka, na ɗaga shi a hasken taga kamar yadda aka koya mini, sai na ga wani siririn zare can gefe, ta ciki. Na hura da bentuwa, na bi da gashin zabo, na goge. Yana nan. Wataƙila tsohon tabo ne da ban taɓa lura da shi ba. Amma a ranar na zauna a bakin gado ina riƙe da gilashin, ba abin da zuciyata ke gaya mini sai Kawu ya mutu.

A makon ne fitan nan abokin Kawu ya yi sallama a ƙofar gida, rigarsa baƙa ƙirin da man inji. Tun da labarin ya fito bai taka unguwarmu ba, shi ma ta kansa yake yi, tunda shi ya ƙera ƙotar. Ya ce wa Baba an jawo wata koriyar mota daga arewa, injinta ya mutu, tana Magazin yanzu, direban ma yana wurin. Ya faɗi lambar, amma bai tabbata ko ita ce ba. Daga bayan labule na ce, "Ita ce."

Baba ya dube ni. "Ɗauko mayafinki."

Ban taɓa shiga Magazin ba sai ranar. Ƙarar guduma ta ko'ina, ƙasa ta yi baƙi da mai, matattun motoci a jere. Ƙafafuna dai tafiya suke yi. Na hango allon da aka ɗaure da waya tun kafin mu isa. Direban yana zaune a kan taya yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Ya rame, amma tawul ɗin yana nan a wuyansa.

Baba ya fara gaisuwa. Ya gajiya, ya hanya, ya iyali, ya aka ji da mota. Direban yana amsawa yana ba da labarin yadda ya yi ta jigilar mutane tsakanin Tamale da iyaka har injin ya gaji ya kwanta masa a daji. Ina tsaye a bayan Baba. Can direban ya leƙo ta gefensa.

"Ei! Ba 'yar makarantar nan ba ce? Mai shinkafar da ba a kifewa!" Ya bugi cinya. "Ke! Kin san wahalar da garwar nan taki ta ba mu?"

Baba ya waiga hagu da dama. "Yi a hankali, direba."

"Alhaji, ai maganar ta wuce. A Yeji ne. Jirgin ya lalace a wancan ƙetaren, muka yi kwana da kwanaki a bakin ruwa, guzuri ya ƙare, yara sai kuka. Masu bincike suna bi mota-mota. Ɗaya ya ga tsohon nan ya ƙanƙame garwa kamar jariri, ya ce buɗe. Ya buɗe. Ya tura hannu." Direban ya tura nasa hannun ƙasa, a hankali, daidai yadda nake gani a aji. "Sai ga bututu. Kai! Wuri ya watse. Suka zazzage komai a kan tamfol, suka tasa ƙeyarsa. Ni har na ce wannan kam sai addu'a."

Ya tsaya yana ɓare gyaɗa. Na ji kamar in fizge ta daga hannunsa.

"A wurinsu ya kwana. Da safe muka ga sun fito da shi bakin ruwa, wai ya haɗa abin a gaban babbansu. Hannunsa yana rawa, sai da ya daɗe. Babban ya ɗora a kafaɗa, ya leƙa. Can ya ce yana ganin masu gyaran jirgin a wancan ƙetaren, har da mai riƙe da sifana. Daga nan kowa sai ya leƙa. Ni ma na leƙa. Amma katakon da bututun sun riƙe, sun ce wannan kam ba ta gaba."

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba.

Ni ban ji abin da na zo ji ba. Na fito daga bayan Baba. Muryata ta fito 'yar ƙarama, sai da direban ya karkato kunne.

"Baba direba, shi ɗin fa? Yana da rai?"

Ya daina dariya. Ya ajiye gyaɗar, ya goge hannu da tawul.

"'Yata, abin da na gani zan gaya miki. Ni na sauke shi a iyaka, gaba da Bawku. Da ƙafafunsa ya tsallaka, garwar a kansa, gilasan suna ciki, ya cusa musu hularsa da rigarsa don kada su yi karo. Daga nan ban sani ba, amma da ransa da lafiyarsa ya tsallaka. Shinkafar ce ba ta tsallaka ba. Matan motar suka kwashe ta daga kan tamfol suka dafa mana tun a Yeji. Ɗan ƙauri take yi, amma ko ƙwaya ɗaya ba a bari ba."